Lesin Hutu a Watan Marka: Abin da Na Biya da Abin da Yarana Suka Samu

A ƙarshen watan Yulin 2025, ranar da aka raba sakamakon zango na uku, yarana biyu sun dawo gida kowanne da takardu biyu a jaka: ɗaya ta sakamakon jarrabawa, ɗayar kuma ta sanarwar cewa makarantarsu, wadda mai zaman kanta ce a cikin garin Bauchi, za ta buɗe lesin hutu na mako huɗu a watan Agusta. Ba zan ambaci sunan makarantar ba, domin ba tozarta kowa nake nufin yi ba, kuma abin da zan faɗa a kanta iyaye da yawa za su gane shi a tasu makarantar. Kuɗin shi ne naira 12,000 ga ɗan firamare da naira 15,000 ga ɗan sakandare, ana zuwa daga Litinin zuwa Alhamis, daga ƙarfe takwas da rabi na safe zuwa sha biyu da rabi, kuma ba a bukatar yunifom. An yi alkawarin karatu da lissafi da koyon kwamfuta, sannan a mako na ƙarshe a kai yara yawon buɗe ido Yankari.

Ban daɗe ina shawara ba na biya. Ni da mahaifiyarsu duk muna fita aiki, kuma barin yaro mai shekara goma sha uku da ƙanwarsa mai shekara takwas a gida har mako shida ba hutu ba ne a wurinmu, fargaba ce, tsakanin wayar hannu da yawon unguwa da kwalbatin da ke cika ya batse duk lokacin da aka yi ruwa. Akwai kuma dalilin da ya fi wannan nauyi: yarinyar ta gama aji uku amma idan aka ba ta littafi sai ta riƙa kallon hoto tana cankar abin da aka rubuta, alhali takardar sakamakonta cike take da yabo.

Abu na farko da ya ja hankalina shi ne ƙyallen tallan da aka ɗaura a ƙofar makarantar, wanda aka rubuta da Turanci cewa darasin bazara ne, aka zana ƙatuwar rana tana murmushi a kan yashin bakin teku. A safiyar da na fara kai yaran, ƙyallen ya jiƙe sharkaf yana ɗiga, domin tun asuba ake yayyafi. Bazarar wa? Tamu bazarar tana tsakanin Maris da Mayu, lokacin da kwalta ke tiriri kuma randa ba ta wuni da ruwa. Agusta kuwa tsakiyar marka ne. A Ingila dogon hutu na kusan mako shida yana farawa ne daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, a Amurka kuma ya fi haka tsawo, daga Yuni har zuwa Agusta ko farkon Satumba, kuma a ƙasashen biyu waɗannan su ne watannin zafinsu. Mu muka ɗauko watannin kamar yadda suke muka ɗora a kan yanayin da ya saɓa da nasu, sai hutunmu mafi tsawo ya faɗa a lokacin da gari ya fi daɗin zama a aji. Ban taɓa auna wannan magana da kyau ba sai da na ga abin da mako huɗu na marka ya yi wa 'yata.

Ajin yarinyar shi ne abin da ya halatta kuɗin da na biya, kuma a kansa zan fi tsayawa. Yara goma sha huɗu ne a ciki, maimakon arba'in da 'yan kai da ake cusawa a lokacin zango, kuma malamar da aka ba su ita ce dai malamarsu ta kullum, mace mai sanyin murya wadda ban taɓa ganin ta da bulala ba. A ranar farko ba ta koyar da komai ba. Ta kira yaran ɗaya bayan ɗaya ta sa kowa ya karanta mata layi uku, sannan ta raba su gida uku gwargwadon inda kowa ya tsaya, ba gwargwadon ajin da aka ce yana ciki ba. 'Yata ta faɗa rukunin ƙasa, abin da ya sosa mini rai a ranar, amma daga baya na gane cewa wannan ce gaskiya ta farko da makarantar ta faɗa mini a kanta cikin shekara uku. Malamar ta mayar da su kan gaɓoɓin Hausa, ba, bi, bu, ka, ki, ku, har sai da suka iya haɗa sauti da sauti ba tare da hadda ba, kafin ta tsallaka da su zuwa Turanci. Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a jiharmu, domin irinta aka bi a shirin Mu Karanta da aka gudanar a makarantun gwamnati na Bauchi da Sakkwato, sai dai makarantun kuɗi da yawa suna ƙyamar ta saboda suna tsoron iyaye su ce ba a Turanci.

Wata ranar Laraba na zo ɗaukar su da wuri, sai na tsaya a bakin taga ina kallo. An ture kujeru gefe, an shimfiɗa tabarma, kuma a gaban kowane yaro akwai tulin murafan kwalbar lemo da malamar ta sa su tsinto daga gida. Tana cewa a jera layi huɗu, kowane layi murfi shida, sannan a ƙirga. Sai ta ce a juya jerin ya koma layi shida mai murfi huɗu, a sake ƙirgawa. Na ga wani yaro ya ɗago kai da mamaki da ya tarar adadin bai canza ba, kamar an yi masa dabo. Iska mai sanyi tana shigowa ta tagar, babu mai gyangyaɗi, babu mai neman izinin fita shan ruwa. A mako na uku, muna cikin Keke Napep a kusa da Wunti, sai yarinyar ta ja hannun rigata ta ce, "Baba, tsaya in karanta," ta bi rubutun da ke bayan wata motar kaya gaɓa bayan gaɓa har ta fitar da "Haƙuri maganin zaman duniya." Direban ya waiwayo ya yi dariya ya ce Allah ya yi albarka.

Da na yi wa malamar godiya, amsar da ta ba ni ta fi godiyar tawa amfani. Ta ce, "Malam, ba wata dabara sabuwa na kawo ba. Yaran kaɗan ne, kuma gari da sanyi. Ka tuna yadda ajin nan yake a watan huɗu?" Na tuna sarai, domin na taɓa shiga wannan ɗakin a tsakiyar Afrilu da misalin ƙarfe ɗaya na rana, lokacin da zafin Bauchi kan kusanci digiri 40 a ma'auni. Rufin kwano ne mai silin da ya ɓuɓɓule, fankar sama tana tsaye saboda babu wuta, yara suna fifita da bangon littafi, rigunansu sun manne a baya, rabinsu kuma sun kifa kai a kan benci. Ita kanta malamar tana zaune, muryarta ta dushe. A takarda an rubuta cewa an yi karatu a wannan rana, kuma iyaye sun biya kuɗinta, amma babu abin da ya shiga kan kowa bayan an dawo daga tara. Lokacin ne kuma likitoci ke gargaɗi a kan sanƙarau da cunkoso a ɗaki marar iska.

A nan ne batun hutun azumi ya shigo, domin bayansa ne aka koma aji a cikin wannan zafi. A 2025 an rufe makarantun jihar Bauchi daga 26 ga Fabrairu zuwa 5 ga Afrilu, sama da mako biyar, kuma Kano da Katsina da Kebbi sun ɗauki irin wannan mataki. Ƙungiyar Kiristoci ta Najeriya, CAN, ta fito ta yi suka, wasu ƙungiyoyin Musulmi suka mayar da martani, aka yi ta cacar baki a rediyo da Facebook kamar dai maganar ta addini ce zalla. Ni Musulmi ne, kuma ɗana ya fara cika azumi, don haka na san abin da zaman aji yake ga yaron da ya tashi sahur. Amma na lura cewa abin da ya sa hutun ya yi wa mutane da yawa daɗi a 2025 shi ne ya dace da watan Maris, wato ya zama hutun zafi ba tare da an yi niyya ba. Wannan dacewar ba mai ɗorewa ba ce, domin shekarar wata ta gaza ta rana da kwana goma sha ɗaya ko kusa da haka, saboda haka farkon azumin 2026 a tsakiyar Fabrairu yake, kuma zuwa 2030 zai kama a farkon Janairu, daidai lokacin da yara ke dawowa daga hutun Kirsimeti, a cikin hunturu mai sanyi da yini marar tsawo. Idan aka riƙe ƙa'idar rufewa wata guda cur a wancan lokaci, za a haɗa hutu biyu a jere a yanayin da ya dace da karatu, sannan a dawo da yara su yi Maris da Afrilu a cikin tanda. A ganina rage sa'o'i a kwanaki ashirin na farko, a tashi kafin azahar, sannan a ba da hutu daga goman ƙarshe har bayan Sallah, ya wadatar, kuma maƙwabcina Kirista da ke kai 'ya'yansa makaranta a Yelwa ba zai ji an tauye shi ba.

Sashen sakandare, inda ɗana yake, labarinsa daban ne, kuma a nan ne makarantar ta ci kuɗina ba tare da ta ba ni abin da ya kai su ba. Malaman lissafi da kimiyya na kullum sun yi tafiya, sai aka damƙa ajin ga wani ɗan bautar ƙasa da wani ɗalibin jami'a da ke hutu. Ba laifinsu ba ne, an miƙa musu manhajar zangon farko na aji mai zuwa ne aka ce su fara, su kuwa suka fara ta hanyar da suka sani, wato cika allo da rubutu a ce yara su kwafa. Cikin mako huɗu ɗana ya cinye littafin rubutu guda da rabi, amma da na zaunar da shi na ba shi lissafin kason da ya faɗi a jarrabawar Yuli, a nan ya sake tuntuɓe, daidai inda ya yi a baya. Babu wanda ya buɗe takardar sakamakonsa ya duba inda yake da rauni, alhali a ofishin da ke kusa da ajin aka ajiye ta. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne jin cewa an faɗa wa yara wanda bai zo lesin ba za a wuce shi idan aka koma, maganar da ta mayar da abin zaɓi ya zama dole, ta kuma mayar da hutu zango na huɗu. Da aka koma a Satumba kuwa, sai malaman kullum suka fara daga shafin farko saboda rabin ajin ba su halarta ba, ɗana ya sake kwafar abin da ya riga ya kwafa.

Koyon kwamfutar da aka yi alkawari sau uku aka yi shi, domin cikin na'urori takwas uku ne ke tashi, janareta kuma sai ranar da aka sayi mai. Tafiyar Yankari an soke ta a mako na uku bayan an lissafa kuɗin mota, kuma ban yi baƙin cikin hakan ba, domin duk wanda ya san wurin ya san cewa da damina ciyawa kan yi tsawo, dabbobi kuma su bazu cikin daji tunda ruwa ya wadata ko'ina, saboda haka da rani aka fi ganin su a kusa da kogi. Da an yi tunani, hutun Disamba ne lokacin wannan tafiya. A madadinta aka kai su kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa a nan cikin gari, ɗana ya dawo yana ba mu labarin yadda aka kashe Firayim Ministan a juyin mulkin Janairun 1966, da 'yan kayayyakinsa da aka adana a wurin. Wannan rana guda ta fi masa littafi da rabin da ya cika.

Dole in yi wa marka adalci, domin kada a ce na mayar da ita aljanna. Cikin kwanaki goma sha shida na lesin, sau huɗu ruwan safe ya hana a fara kafin ƙarfe goma, kuma wata ranar yara shida ne kacal suka zo a ajin 'yata. Filin makarantar yana riƙe ruwa a gefen banɗaki, ba a yanke ciyawar bayan azuzuwa ba, sauro kuwa har da rana yana cizo a ƙarƙashin benci. Ɗana ya kwanta zazzaɓin cizon sauro na kwana uku, ko da yake ba zan rantse cewa a can ya ɗauko ba. Waɗannan duk abubuwa ne da tifa ɗaya ta ƙasa da lebura biyu za su gyara, kuma na faɗa wa makarantar haka. Akwai kuma kuɗin da ba a rubuta a takardar sanarwa ba, wato na sufuri: tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kuɗin Keke ya zama wani kuɗin makaranta na biyu, kuma zuwa da dawowar yara biyu ya ci mini naira 1,200 a kullum, wato 19,200 a kan 27,000 da na biya tun farko. Sa'o'in tashi, a gefe guda, an zaɓe su da hankali, domin yara suna isa gida su ci abinci su ɗan kwanta kafin lokacin Islamiyya.

Na sami mai makarantar a ofishinta a ranar rufewa, muka gaisa, na ce, "Hajiya, ina da yabo, ina kuma da ƙorafi, da wanne zan fara?" Ta ce in fara da ƙorafin. Ta saurare ni har ƙarshe ba ta katse ni ba, sannan ta faɗi abin da ban zata za ta faɗa ba: cewa a watan Agusta babu kuɗin makaranta da ke shigowa, amma malamai suna da iyali, don haka kuɗin lesin shi ne ake rabawa waɗanda suka tsaya, waɗanda suka ga rabon bai kai ba kuma su tafi gona ko wata sana'a. Na ji daɗin wannan gaskiya, kuma ta sa na fahimci cewa ba bukatar yaro ce ta haifi lesin hutu ba tun asali, ramin da dogon hutu ya haƙa ne a aljihun makaranta da a jadawalin iyaye ma'aikata, aka nemi abin cike shi. Inda aka dace da malama irin ta 'yata, sai cikon ya zama alheri. Inda ba a dace ba, sai ya zama reno mai tsada.

Wani zai ce ai dogon hutun damina an yi shi ne domin yaran karkara su taimaka a gona, amma wanda ya yi noma ya san lissafin bai fita ba. 'Ya'yan ƙanena da ke wani ƙauye a ƙasar Darazo sun fi ƙaurace wa aji a watannin Yuni da Yuli, lokacin shuka da noman fari, sai kuma Oktoba da Nuwamba, lokacin cirar gyaɗa da roron wake da girbin dawa, kuma duk waɗannan watanni makaranta a buɗe take. Agusta akwai maimai da sa taki, ba a ce babu aiki ba, amma ba shi ne lokacin da uba ke cire ɗansa daga aji ba. Saboda haka kalandar ba ta yi wa ɗan birni daidai ba, ba ta kuma yi wa ɗan ƙauye ba.

Da za a tambaye ni, da na ce a rage dogon hutu zuwa mako uku ko huɗu, a kwashe makonnin da aka rage a kai su Afrilu, a kuma ware mako guda ko biyu a tsakiyar kaka. Faransa tana tafiya ne a kan tsarin da ya kusanci mako bakwai na karatu da mako biyu na hutu, kuma ko ba mu kwaikwaye ta ba, akwai hikima a cikin gajerun hutu masu yawa, domin yaron da bai riƙe karatu da kyau ba shi ne ya fi zubar da shi idan ya daɗe a gida. Na san akwai turaku da jiha ba za ta iya tumɓukewa ba, tunda jarrabawar WAEC tana farawa ne daga wajen ƙarshen Afrilu zuwa Yuni, ta NECO kuma ta biyo baya a Yuni da Yuli, kuma ba a Bauchi ake tsara su ba. Amma wannan ya shafi 'yan ajin ƙarshe na sakandare ne, waɗanda za a iya ware musu nasu jadawali; babu dalilin da zai sa yarinya 'yar aji uku ta sha zafin Afrilu saboda jarrabawar da sai bayan shekara tara za ta rubuta. Kuma tunda ana iya ƙiyasta lokacin azumi da Sallah da Ista tun shekaru kafin su zo, kuskuren bai wuce kwana ɗaya ko biyu ba, ya kamata a riƙa fitar da kalandar shekara uku a lokaci guda, domin iyaye da makarantu su daina jin labarin hutu a rediyo saura mako guda.

Ga iyayen da ke tunanin biyan irin wannan lesin, shawarata ita ce kafin su ba da ko sisi su tambayi sunan malamin da zai shiga ajin, da adadin yaran da za a ɗauka, da kuma ko za a koma kan abin da yaro ya faɗi ne ko za a tsallaka manhajar gaba. Idan amsar ta ƙarshe ita ce tsallakawa, gara su riƙe kuɗinsu. Ni dai na faɗa wa Hajiya cewa baɗi zan dawo da yarinyar idan wannan malamar ce za ta riƙe ajin kuma ba a wuce yara ashirin ba, ta ce za ta duba, ta kuma rubuta batun ciyawa da ruwan banɗaki a wata takarda a gabana. Yayanta kuwa na riga na yi magana da ƙanena: zai yi makonni uku na Agusta a Darazo, ya koyi riƙon fartanya tare da 'yan uwansa, littafin lissafinsa kuma yana cikin jaka, an naɗe shafin da ya faɗi.